Yadda za ka mayar da inji cikin fijo 504 a gida ba tare da ka ɓata kuloci ba

Ranar da muka zare injin daga cikin fijon Baba ko awa 3 ba mu yi ba, ni da ƙanena da wani maƙocinmu, kwance nan kwance can, aka ɗaga, shikenan. Mayarwar ce ta nuna mana ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sau biyu muka yi aikin, karon farko muka lanƙwasa faifan kuloci sabo fil da hannunmu, sai a karo na biyu injin ya zauna yadda ya kamata, kuma wallahi har yau in na tuna kuɗin faifan nan da ranar da muka ɓata raina yana sosuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi, don na san akwai gidaje da yawa a Kaduna da irin motar nan take ajiye a lungu, tayoyi sun kwanta, ana ta cewa wata rana za a tashe ta.

Tamu salun ce fara, haɗin Kakuri, unguwar da masana'antar fijo take a Kaduna. Ita 504 a Faransa ta fara fitowa a 1968, amma tun da kamfanin PAN ya fara haɗa fijo a nan Kaduna a 1975 ta zama kamar 'yar gida, a zamaninta ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar haya, ita ce ta kai amarya. Injin da ke cikin mafi yawan na wajenmu shi ne mai silinda 4 ɗin nan XN1, cc 1971, gangar jikinsa ƙarfe ne top silinda kuma alminiyom, sannan ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake ta gefen dama da digiri 45. Ka riƙe maganar kishingiɗar nan don za ta dawo mana lokacin ɗaure sarƙa.

Abu na farko ƙasa ce, tun kafin a zo maganar sifana. Ka ajiye motar a kan siminti mai kwance, ba kan turɓaya ba, musamman in damina ce, don ƙasar tsakar gida in ta sha ruwan Agusta ƙafar abin ɗaga inji nutsewa take yi a hankali ba ka sani ba, kuma abin da ke rataye a sama ya haura kilo 100 nesa. Ka sa wa tayoyin baya waigi gaba da baya. In za ka ɗaga gaban motar don ka samu shiga ƙarƙashi to dan Allah kar ka ɗora ta kan bulo, bulo fashewa yake yi lokaci ɗaya ba ya sallama, kuma kar ka shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, in ba ka da su ka je Panteka, kasuwar masu ƙere ƙere ta Kaduna, a yi maka walda masu kauri, ba su da wani tsada in ka kwatanta da ƙashin bayanka.

Sai abin ɗagawa. Na san al'adarmu, a samu reshen mangwaro ko darbejiya a rataya cen bulok, wato sarƙar nan ta ɗaga kaya masu nauyi. Ni ban yarda da shi ba, reshe ba ya nuna maka ruɓar da ke cikinsa, kuma yana lilo, kai kuma a aikin nan motsin da bai kai faɗin yatsa ba shi ne komai. Mu ƙafa uku na bututun ƙarfe muka aro daga wani gareji a Kurmin Mashi muka rataya cen bulok a jiki. In ka samu irin kuren nan mai taya da ake turawa ya fi, don da shi injin za ka tura wajen motar, da ƙafa uku kuwa motar ce za ku rinƙa turawa gaba kaɗan baya kaɗan, sai an samu mutum ɗaya a kan wannan aikin kawai.

Yanzu duk abin da zai yi maka wahala in inji ya shiga, yi shi tun yana ƙasa. Wannan shi ne rabin aikin kuma nan ne mutane ke gaggawa saboda ɗokin su ji ƙarar mota. Duba oyil sil na bayan karanshaf da gasket ɗin kaskon ƙasa, in akwai alamar yoyo gyara yanzu, don in ka mayar da inji sannan ka ga baƙin mai na ɗiga tsakanin inji da giyabos, sai dai a sake fito da shi. Duba haƙoran filawil inda kik ke kamawa, in sun cinye kik zai rinƙa ƙara yana zamewa. Ɗaure kusoshin filawil da sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, a kan awon da littafin motar ya bayar, ba da tsayawa kan sifana da ƙafa ba. Akwai ɗan bushin ƙarami a tsakiyar bayan karanshaf inda bakin sandar giya ke shiga ya zauna, mutane na mantawa da shi, ka duba in ya cinye ka canza, kuɗinsa kaɗan ne. Bawul ma ka saita su tun yanzu da inji yake a sanyi kuma kana tsaye a sake, 0.10 na shigar mai, 0.25 na fitar hayaƙi.

Toh, kuloci. Nan zan daɗe don nan muka faɗi.

Faifan kuloci yana da fuska biyu, ɓangaren da cibiyarsa ta fi tudu shi ke kallon giyabos, wasu ma an rubuta a jiki, ka duba kafin ka rufe. Goge fuskar filawil da ta murfin kuloci da fetur a tsumma mai tsabta don sabon kaya yana zuwa da maiƙo a jiki. Sannan faifan dole ya zauna a tsakiya daidai kafin ka ɗaure murfin, ba wai ka kalla da ido ka ce ya yi ba. Hanyar da ta fi ita ce ka samu tsohuwar sandar gaban giyabos ta 504, wadda aka cire daga giyar da ta mutu, masu tsofaffin kayan fijo suna da ita, ka zura ta ta cikin faifan har bakinta ya shiga bushin ɗin can, sai ka rinƙa ɗaure kusoshin murfin kaɗan kaɗan, wannan sai na gabansa, kana zagayawa, ba ka ɗaure ɗaya tamau ka koma na kusa da shi ba. In ka gama sandar ta rinƙa shiga tana fita ba tare da ka yi ƙarfi ba. In tana cijewa, kwance ka sake, kar ka ce ai za ta shiga in an haɗa. Kuma kafin komai ka ɗauki faifan ka gwada shi a kan sandar giyar da ke jikin motar, ka ga haƙoransu sun dace yana zamewa gaba da baya, don kasuwa cike take da kayan da kwalinsu ya ce 504 amma abin ciki wani abu ne daban. Giris ɗan kaɗan za ka shafa wa haƙoran sandar, kamar shafa kwalli, in ya yi yawa zai fantsama kan faifai kuloci ya rinƙa zamewa. Rilis bering kuwa canza shi kawai, ko da tsohon bai fara kuka ba.

Mu a karon farko da ido muka saita. Injin ya shiga, ya rage kamar faɗin yatsa biyu tsakaninsa da giyabos, ya ƙi ƙarasawa, mun girgiza mun tura, ga magariba ta kawo jiki ga gajiya, sai na ce a sa dogayen kusoshi a jawo shi da sifana. Ya jawu kam. Washegari da muka taka kuloci giya ta ƙi shiga sam. Wani dattijon bakanike da ya yi shekaru yana aikin fijo, abokin Baba ne, shi na je na ɗauko, ya tsuguna ya leƙa, ya sa aka taka masa kuloci sau biyu, sai ya ɗago ya ce min, ɗana da kusa kuka jawo shi ko? Na ce eh Baba. Ya ce to ku fito da shi, inji da ƙafarsa yake shiga ba a jan sa. Da muka fito da shi cibiyar faifan ta karkace, kana juya shi a hannu kana ganin yana rawa. Kuma ya ce mun yi sa'a ma, da yawa kunnen giyabos ɗin ke tsagewa don alminiyom ne.

Saboda haka ranar sakawa ka fara da safe, bayan an karya, ba da la'asar ba. Mutum 3 sun isa, ban da mai tura mota in da ƙafa uku kuke aiki, ɗaya a kan sarƙa, ɗaya yana riƙe da inji yana juya shi, ɗaya yana leƙe ta ƙasa da tocila, kuma mutum ɗaya ne kawai zai rinƙa cewa sauke ko tsaya, in kowa na magana yatsan wani zai tafi. Yara a kore su cikin gida. Bonet a cire gaba ɗaya, in ka yi wa mazaunin hinjinsa alama da maka tun ranar cirewa to ka huta, lagireto da fanka su ma kar su kasance a wurin, batir a cire shi a ajiye gefe. Wayoyi da tiyo da wayar totur duk ka ɗaure su gefe da igiya don kar inji ya danne su, sau da yawa sai an gama ɗaure komai a ga wata waya ta maƙale tsakanin inji da giya.

Wajen ɗaure sarƙa, ka ɗaura yadda injin zai rataya a kishingiɗensa kamar yadda zai zauna a mota, bayansa kuma ya ɗan sunkuya ƙasa. In ya rataya a tsaye za ku sha wahalar murɗa shi a cikin ramin da ba fili. Ɗaga shi kaɗan daga ƙasa ka duba, in bai yi ba sauke ka gyara sarƙar, ko sau 5 ne. Kuma gargaɗi babba, kar ka kwance kusoshin top silinda don ka maƙala sarƙa a wurin. Injin nan silindarsa hannun riga ne da ake zurawa, ruwa na zagaye da su, top silinda ce ke danne su a kan sil ɗinsu na ƙasa, in ka sassauta ta ka taɓa gasket kuma kana iya motsa su, ƙarshenta ruwa ya haɗu da baƙin mai ka ga ya koma kamar kunun gyaɗa. Kar kuma ka ɗaura a jikin kafireto ko famfon ruwa.

Ta ƙasa, sa jak da guntun katako a ƙarƙashin giyabos ka ɗaga bakinta sama kaɗan don ta tari injin. Sa motar a giya ta 4, tayoyin baya suna ƙasa, wannan zai riƙe sandar giya kar ta juya. Sai a fara saukewa a hankali, ana kallon kaskon ƙasa kar ya bugi ƙarfen da ya gitta ƙarƙashi ko rak ɗin sitiyari. In bakin sandar ya zo daidai tsakiyar kuloci sai a tsaya, a nan ne za ka yi abin da ya fi komai muhimmanci, ka duba tazarar da ke tsakanin fuskar inji da fuskar giyabos ta sama da ta ƙasa da gefe da gefe, ka sa yatsu ka auna. In sama ta fi ƙasa buɗewa ko ƙasa ta fi sama, to ba su kalli juna ba, gyara da jak ko da sarƙa har tazarar ta zama ɗaya ko'ina. Sannan a tura injin baya da hannu, wani kuma ya sa sifana a kan notin fulin gaba ya juya karanshaf kaɗan kaɗan don haƙoran faifai su faɗa cikin na sanda. Za ka ji shi, wani ɗan ƙwas yake yi sai injin ya zame baya da kansa, 'yan turakun nan biyu da ke saita shi su shige raminsu, fuska ta haɗu da fuska. A karo na biyu namu ko minti 10 bai ɗauka ba, ƙanena har kabbara ya yi. Sai fuskokin sun haɗu da hannu sannan kusa za ta shiga, aikinta riƙewa ne kawai. In ya ƙi, ja shi baya, sha ruwa, duba saitin faifan, sake gwadawa.

Injin sit guda biyu na gefe, sababbi za ka sa, tsohuwar roba da ta shekara 20 ko ta yi kyau a ido ta mutu. Ka bar kusoshinsu a sake har sai duka biyun sun shiga raminsu, sauke nauyin injin a kansu, girgiza shi ya zauna, sannan ka ɗaure. Daga nan ka cire jak da sarƙa.

Sauran haɗe haɗen ba wuya in ka ɗauki hotuna da waya ranar cirewa. Salansa da sabon gasket, kik, altaneta da fanbel wanda in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa zai ɗan lotsa kamar santimita 1, wayar totur da ta cok, lagireto da tiyonsa. Tiyon fetur na roba duk ka zubar ka sa sababbi da kilip, tsohon tiyo shi ke cinna wa tsofaffin motoci wuta. Kulocin 504 da mai yake aiki, motar da ta daɗe a ajiye robobin cikinsa sun bushe, canza su ka cire iska. Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne wayar as mai kauri da ke haɗa inji da bodi, in babu ita kik zai rinƙa juyawa da ƙyar kamar batir ya mutu, wutar kuma ta nemi hanya ta wayar totur ko cok har ta yi zafi, ka kankare fenti a inda za ta zauna ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sannan duk tsumman da ka cusa a bakin kafireto da sauran ramuka saboda ƙurar hunturu, ka ƙirga su lokacin sakawa ka ƙirga lokacin cirewa.

Wayoyin filogi, tsarin wutar 1-3-4-2 ne, amma ka kula, a injin nan ana fara ƙirga lamba 1 daga baya ne ta wajen filawil, ba daga gaba ta wajen fanka ba kamar yadda wanda ya saba da motocin Japan zai ɗauka. In kana so ka tabbatar, buɗe murfin bawul ka juya inji da hannu, in ka ga bawul biyu na silinda 4 suna musanya, ɗaya na rufewa ɗaya na fara buɗewa, to lamba 1 ce ke kan wuta, inda rotan distiributa ya nuna nan wayar lamba 1 za ta zauna. Tazarar kontak set 0.40.

Zuba baƙin mai wajen lita 4 da sabuwar filta, ka duba da sandar awo. A lagireto kuma dan Allah ba ruwan rijiya zalla ba, sa ruwan kulan, don haɗuwar ƙarfe da alminiyom da ruwa mai gishiri gishiri ita ke cinye top silinda ta ciki. Tamostat ma ka bar shi a wurinsa, na san da yawa suna cirewa wai ƙasarmu da zafi, amma inji mai lafiya da lagireto mai tsabta ba ya buƙatar haka, kuma da sanyin safiyar Disamba a Kaduna injin da ba tamostat daɗewa yake bai ɗumama ba yana shan mai yana cin kansa.

Kar ka tayar kai tsaye. Cire filogi duka 4, cire wayar da ke kai wa kwayil wuta, sai ka rinƙa ba shi kik na daƙiƙa 10 kana hutawa, har jar fitilar baƙin mai ta mutu a dashbod, ka ga ke nan mai ya zagaya ko'ina kafin nauyi ya hau kan metal, wato mazaunin da karanshaf ke juyawa a kai. In ka yi ta yi fitilar ta ƙi mutuwa, tsaya, kar ka tayar, nemi dalili. In ta mutu mayar da filogi, kuma da yake suna can cikin rami mai zurfi ka fara ɗaura su da hannu kafin sifana don kar ka ci zaren alminiyom. Tankin da ya shekara da shekaru a ajiye kar ka ja mai daga cikinsa sai an sauke an wanke, tsohon fetur ya zama danƙo da tsatsa. A fili za ka tayar ba cikin rufaffen gareji ba, da abin kashe gobara a kusa ko aƙalla bokitin yashi, kuma kar wani ya tsaya yana tsiyaya fetur a bakin kafireto ana kik, in ya yi tari wuta ce za ta fito ta kama hannunsa.

In ya tashi idonka na kan fitilar mai da gejin zafi, wani kuma yana leƙen ƙasa ko akwai ɗiga. In an sa sabon ringi kar ka bar shi a silo, wato ba a taka totur ba, ya yi ta bugawa awa guda, ɗan ɗaga totur kaɗan ya ɗumama, hayaƙin farko na maiƙon da ke jikin salansa ne zai wuce. Kashe, bar shi ya huce sosai kafin ka buɗe murfin lagireto, ƙara ruwa don iska ta fita matakinsa zai sauka. Taimin da silo sai ya ɗumama ake saita su da kyau.

Kafin ka fita titi taka birki ka tabbatar, motar da ta daɗe a tsaye birkinta ma aiki ne mai zaman kansa. Mu zagayen farko cikin unguwa muka yi, Hajiya na tsaye a ƙofar gida tana kallo ba ta ce komai ba, sai bayan sati muka hau Bypass da sassafe kafin manyan motoci su fito, ba gudu ba kuma ba lodi. In ka yi wajen kilomita 1000 ka juye baƙin man da filta, a sake duba ɗaurin top silinda yadda littafin ya ce, a sake saita bawul, sannan ka bi kusoshin injin sit da na salansa da kilip ɗin tiyo ɗaya bayan ɗaya, don bayan zafi da sanyi sun ratsa su za ka samu wasu sun saki. Mu a namu na salansa biyu ne suka saki, da kilip ɗin tiyon ƙasa na lagireto.